Tsarkin Aƙida da Katin Wayales a Madarunfa

A hutun da ya gabata na koma Madarunfa da tsohuwar kwamfuta mai ɗauke da Linux, da niyyar nazarin karin sauti a maganar masuntan tafki ta manhajar Praat. Katin wayales ya ƙi motsi. Ƙaramar manhajar da ke tayar da shi ba ta cikin abin da na girka, domin masu ƙera katin ba su buɗe sirrinta ba, kuma sai ta intanet ake sauko da ita. Wato sai mai intanet ke samun intanet! Ala tilas na jona wayata da kebul, kuɗin kati suka ƙone.

Shi ya sa nake goyon bayan ƙuri'ar da masu gina Debian suka kaɗa a 2022, wadda ta sa Debian 12 ta fito a 2023 ɗauke da irin waɗannan manhajoji. Masu adawa na ganin an tauye aƙidar ƴanci. Ina girmama hujjarsu, amma riƙe ta ya fi sauƙi ga wanda kebul ɗin intanet ke jiransa a bangon ofis. Ɗalibin da zai tafi tattara bayanai a karkara kuwa, ya gwada katinsa tun a Maraɗi.