Mu Ƙaru da Sani: Kasuwar da ba a kasa kaya

A birnin Abijan na ƙasar Kodibuwa akwai wata kasuwa da ba a kasa hatsi, ba a ɗaure bisashe. Hannun jari ake saye da sayarwa a cikinta. Sunanta BRVM. Ta soma ci a shekarar 1998. Ƙasashe 8 masu kuɗin sefa ke tarayya da ita, har da Nijar.

Mi ne ne hannun jari? Kamfani ne ke raba jarinsa kashi-kashi, ya sayar ma jama'a. Wanda ya sayi kashi ya shiga cikin masu kamfanin. In an ci riba a ba shi rabonsa. In an faɗi, da shi aka faɗi. Bankin BOA na Nijar yana cikin kamfanonin wannan kasuwa.

Farashin hannun jari yana hawa, yana sauka. Ruwa ba ya tsami banza: halin da ƙasa ke ciki shi yake bi.

Na farko, damana. In ruwa ya yi gardama, gero ya yi tsada, bisashe su faɗi, ciniki ya mutu. Ɗan kasuwa ya kasa biyan bashin banki. Ribar banki ta ragu, masu son hannun jarinsa su ja baya.

Na biyu, kuɗin ruwa. A 2022 kaya sun yi tsada a duniya. Babban bankin ƙasashen sefa, BCEAO, da ke Dakar, ya ɗaga kuɗin ruwa daga 2 cikin ɗari har ya kai 3 da rabi a ƙarshen 2023. In bashi ya yi tsada, kamfani yakan rage aiki, ribarsa ta ragu.

Na ukku, zaman lafiya. A 2011 rikicin zaɓe ya yi tsanani a Kodibuwa, har kasuwar ta ƙaura Bamako na ɗan lokaci. Kuɗi ba su zama inda ake faɗa.

Saboda haka manomi ko makiyayi da aka yi ma tallar hannun jari, ya san riba ba tabbas ba ce. Kada ya sa kuɗin iri ko na cimaka. Kada ya miƙa ma kowa kuɗinsa sai dillalin da hukuma ta ba izni, kuma ya karɓi takarda, ya karanta ta da kansa.