Marubuta, Ku Kula da Littafi na Biyu

Ya Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi kira ga marubutan soyayya.

Mu a Zangon Kumasi, daga Aboabo har Asawase, muna bin littattafan Hausa da ake rubutawa a Kano, yawanci ta WhatsApp. Kwanan nan na karanta kashi na biyu na wani labari, inda ɗan sarkin aljanu ya nemi auren bil'adama. Na farko ya ƙayatar, amma na biyu ya ba ni takaici. Yarinyar da ta tsaya da ƙafarta a gaban fadawan aljanu ta koma sai kuka da kishi, duk matsalar da ta taso kuma tsafi ke warware ta nan take. Ina amfanin wahalar da masoyan suka sha?

Ba yawan littafi ne laifin ba, ai Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce har littafi 3, kowanne da nasa armashi. Marubuta, in labari ya ƙare ku rufe shi, kada ku ja shi don kasuwa.



Mai karatunku,
Aboabo, Kumasi, Gana