Likitocin DO a Amurka: A Auna Su da Aikinsu

A ƙasar Amurka hanya biyu ce mutum ke bi ya zama cikakken likita. Wanda ya bi ta fari yakan fito da digirin MD, wanda ya bi ta biyu kuwa da digirin DO, wato likitan ostiyofati. Dokokin jihohi 50 duka sun ba su iko ɗaya, su duba majiyyaci, su rubuta magani, su yi tiyata. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na ɗaliban likitanci na ƙasar suna makarantun DO ne. Amma duk da haka suna kukan cewa an mayar da su 'yan bora, kuma a ganinmu kukan nasu yana da hujja.

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mai karatu ya san mafarin zancen. Wani likita mai suna Andrew Taylor Still ya rasa 'ya'yansa uku a 1864 sanadiyyar cutar sanƙarau, magungunan zamanin ba su tsinana masa kome ba. Wannan ya sa a 1874 ya fito da ra'ayin cewa jirkicewar ƙasusuwa da gaɓoɓi ita ce tushen yawancin cututtuka, kuma gyara su da hannu zai taimaki jiki ya warkar da kansa. A 1892 ya buɗe makarantarsa a Kirksville ta Jihar Misuri. Kalmar alofati kuwa, wadda ake kiran likitancin MD da ita, wani Bajamushe ne mai suna Samuel Hahnemann ya ƙirƙiro ta don gori.

Ra'ayin Still na asali bai tsaya ba a gaban kimiyya, kuma rahoton Flexner na 1910 ya kushe makarantun ostiyofati ƙwarai. Sannu a hankali suka gyara, suka rungumi ilmin magunguna da tiyata, amma ba a buɗe masu ƙofa da sauƙi ba. A 1962 Jihar Kalifoniya ta hana ba sababbin likitocin DO lasisi, waɗanda ke bakin aiki kuma aka ba su damar karɓar digirin MD a kan dala 65, sai wajen mutum 2,000 suka karɓa. Abin tambaya a nan shi ne, in da ilminsu bai kai ba, yaya dala 65 za ta cike giɓin? Kotun ƙolin jihar ta rushe hanin a 1974. Rundunar sojan ƙasar ma sai a 1966 ta amince ta ɗauke su aikin likita.

A yau karatun duka biyun shekara huɗu ne bayan digirin farko, biyu galibi a aji, biyu a asibiti. Ɗalibin DO yana da ƙarin sa'o'i wajen 200 na koyon gyaran gaɓoɓi da tsoka da hannu, kuma da yawansu ba sa amfani da wannan fanni sosai bayan sun fara aiki. Tun daga 2020 hukuma ɗaya ce ke tantance shirye-shiryen horon ƙwarewa na asibitoci ga ɓangarorin biyu.

To, a ina wariyar take? Tana bakin ƙofar wannan horo ne. Ɗalibin MD jarrabawar USMLE yake yi, ɗalibin DO kuwa tasa ita ce COMLEX. Amma da yake wasu asibitoci sun fi ganin girman USMLE, ɗaliban DO da dama kan zauna jarrabawa biyu, su biya kuɗi biyu, don kada a ajiye takardunsu gefe tun ba a karanta ba. A fannonin da ake ribibi, irin su tiyatar ƙwaƙwalwa da tiyatar gyaran jiki, kaɗan ne daga cikinsu ke samun gurbi.

Masu kāre wannan hali suna cewa matsakaicin makin shiga makarantun DO bai kai na MD ba, kuma makarantun MD sun fi ƙarfi wajen bincike da mallakar manyan asibitocin koyarwa. Wannan gaskiya ne. Sai dai majiyyaci ba makin shiga makaranta ya zo nema ba, lafiya ya zo nema. Wani bincike da mujallar Annals of Internal Medicine ta buga a 2023 ya duba kwanciyar tsofaffi a asibiti sama da sau 300,000, ya tarar waɗanda suka rasu cikin kwana 30 kashi 9.4 cikin ɗari ne a hannun MD, kashi 9.5 a hannun DO, wato dai kusan babu bambanci. Hasali ma Sean Conley da ya zama likitan Shugaba Trump a 2018, da Kevin O'Connor da ya zama na Shugaba Biden a 2021, duka DO ne. Gani ya kori ji.

Amma laifi tudu ne, don haka su ma makarantun DO suna da nasu. Akwai ɗan shaida cewa gyaran hannu yana rage ciwon baya, amma koyarwar da ke cewa ana iya motsa ƙasusuwan kai don warkar da cuta ba ta da madogara a kimiyya. Muddin suna riƙe da irin wannan, su ne ke ba masu kushe su abin faɗa.

Ɗalibanmu masu sha'awar karatu a waje su kuma lura, DO na Amurka daban yake da ɗan ostiyofati na Ingila, wanda aikinsa na hannu ne kawai, ba cikakken likita ba ne.

Shawararmu ita ce a yi jarrabawar lasisi guda ga kowa, ko kuwa a wajabta wa asibitoci su karɓi duka biyun daidai wa daida. Makarantun DO kuma su yar da abin da bincike bai tabbatar ba. Fiye da rabin likitocin DO suna aikin kula da lafiya a matakin farko ne, inda ƙasar ke ƙarancin likitoci, musamman a karkara. Ƙasar da ta amince masu da ran shugabanta ba ta da dalilin sa ɗalibansu jarrabawa sau biyu kafin ta saurare su.