Wasiƙa Daga Ingila: Iyakar Ƙasa Mafi Girma

Mu nan sai sanyi.

Yaya, ka ce a waya wai mutum ya haura talatin yana ta karatun lissafin da ko kuɗin cefane ba ya ƙirgawa. Maganar ta tsaya mini a rai. To ga amsata.

Ɗauki 1, 1/2, 1/3, 1/4, ka yi ta tafiya. Wacce ce mafi ƙanƙanta? Babu, domin duk wadda ka nuna akwai ta ƙasa da ita. Amma duk cikinsu ba wadda ta gangara ƙasa da sifiri, kuma in ka ɗaga katangar sama da sifiri ko da ƙiris ne, wata za ta faɗo ƙarƙashinta. Sifirin nan shi ake kira infimom, ni kuwa na raɗa masa iyakar ƙasa mafi girma (ba irin ta Jibiya mai 'yan kwastan ba!). Yana tsare da su, alhali ba ya cikinsu.

A digirina na farko haddace ma'anar na yi, na ci jarrabawa. Da na zo nan aka ba ni 'yan aji ɗaya in koyar, wata yarinya ta tambaye ni bambancinsa da mafi ƙanƙanta. Wallahi sai da na yi gumi.

Ra'ayina shi ne duk malamin da ya tsallake wannan ya cuci ɗalibansa. Duba lambobi masu ɓari na sama da sifiri waɗanda in ka ninka kowacce da kanta za ta wuce 2, kamar 1.5, 1.42, 1.415. Ta ƙasa 1.4 ta tare su, 1.41 ta fi ta, 1.414 ta fi, amma a cikin masu ɓari babu ta ƙarshe. Rami ne a wurin, tushen 2 ne kawai ke cike shi. Bolzano ya yi amfani da irin wannan iyaka a 1817. Dedekind kuwa yana koyarwa a Zurik a 1858 ya ga hujjar da yake ba ɗalibansa zane ne kawai, bai gamsu ba, sai a 1872 ya buga maganin. Kalkulas ɗin da injiniyoyi ke gina gada da shi a kan wannan ya zauna.

Kuɗin cefane kuma, Yaya, suna nan tafe ƙarshen wata in Allah ya yarda. A gaida Inna da yara.