Na'ura Mai Amsa Tambaya Da Amanar Da Ke Ofisoshinmu

Kwanakin baya bayan sallar Juma'a, wani matashi ɗan ƙungiyarmu a nan Largo ya miƙo mini wayarsa yana murna. Yana aiki ne a ofishin wani dattijonmu da ke tura ma'aikata gidaje domin kula da tsofaffi da marasa lafiya. Ya ce rahoton da a da yake cin masa awa biyu, yanzu ChatGPT ke gama masa cikin minti biyar. Ko da na duba, sai ga sunan wata tsohuwa da adireshinta da magungunan da take sha, duk ya zuba a ciki. Na ce shin Alhaji ya san da wannan? Ya ce ai Alhaji ne ma ya koya masa.

Mai karatu, yawancin sana'o'in mutanenmu a wannan gunduma ta Prince George's na riƙon amana ne. Wani yana cike wa jama'a takardun haraji, wani yana aika motoci ta tashar ruwan Baltimore zuwa Legas da Kwatano. Fasfo da lambar asusun banki da tarihin rashin lafiyar mutane duk suna hannunsu. Duk abin da aka liƙa wa irin wannan manhaja ta kowa da kowa kuwa, ya bar ofis ya tafi kwamfutocin wani kamfani. A shekarar 2023 ma'aikatan Samsung sun zuba sirrin aikin kamfanin a ChatGPT, har kamfanin ya hana amfani da ita a na'urorinsa. A 2025 wata kotu a New York ta umarci kamfanin OpenAI ya adana hirarrakin jama'a na wasu watanni, har da waɗanda masu su suka goge. Ga kuma dokar HIPAA ta 1996, wadda ke da tara mai nauyi a kan wanda ya fitar da bayanan maras lafiya ba bisa ƙa'ida ba.

Ni ban ce a guje wa wannan fasaha ba, domin na ga amfaninta da idona. Abin da nake cewa shi ne a kawo ta gida. Tun daga 2023 kamfanin Meta ya saki Llama, kamfanin Mistral na Faransa ma ya saki nasa, kuma mutum na iya sauke su ya girka a kwamfutar ofishinsa da manhaja irin Ollama. Sai a haɗa ta da takardun kamfani: ana yanka su gunduwa-gunduwa a jera, idan ma'aikaci ya yi tambaya sai a zaƙulo guntayen da suka dace a miƙa mata, ita kuma ta tsara amsa. Babu abin da ke fita ƙofa.

To amma a nan ne nake ganin za a yi tuntuɓe. Wasu na zaton da zarar na'ura tana cikin ofis shi ke nan an tsira. Ba haka ba ne. Idan aka zuba takardun albashi da fayilolin marasa lafiya da wasiƙun lauya a tukunya ɗaya, to yaron da aka ɗauka jiya don amsa waya zai iya tambayar nawa ake biyan wance, kuma za ta gaya masa. Na'ura ba ta da kunya, ba ta san babba da yaro ba. Dole ne tun a wurin zaƙulo takardu a duba wane ne mai tambaya, a ba shi abin da dama can yake da izinin buɗewa kawai. Kowa ya shiga da sunansa da makullinsa, ba irin yadda muka saba ba, inda kalmar sirri ɗaya ke manne a jikin bango kowa na gani. A kuma riƙa ajiye tarihin wanda ya tambayi me. Haka nan wasiƙar da ta shigo daga waje ba a jefa ta ciki kai tsaye, domin mugaye na ɓoye umarni a cikin rubutu, na'ura ta karanta ta bi.

Za a ce akwai tsada, gaskiya ne. Kwamfutar da za ta ɗauki wannan aiki ba ta arha ba ce, kuma ƙananan na'urorin ba su kai manyan ƙwarewa ba, balle a Hausa, inda sukan yi kwaɓa. Wanda ba zai iya ba yana iya hayar keɓaɓɓen wuri a Microsoft ko Amazon, amma da yarjejeniya a rubuce kan wanda zai ga bayanan da tsawon lokacin ajiye su. Masu reshe a Kano su tuna Nijeriya ma ta kafa dokar kare bayanai a Yunin 2023.

Hukumar NIST da ke Gaithersburg, a cikin jiharmu ta Maryland, ta fitar da jagorar kauce wa haɗarin wannan fasaha a Janairun 2023, kyauta. Muna da ƙanne da ke karatun kwamfuta a kwalejin Prince George's da ke nan Largo, waɗanda iyayenmu ba su kira sai firinta ta ƙi aiki. Su ya kamata a zaunar a ba wannan aiki, a kuma biya su. Shi dai wancan matashi ya daina zuba sunaye. Alhaji kuwa ya ce in kawo masa lissafin kuɗin kwamfutar a rubuce, zai duba bayan sallah.