RA'AYINMU: Ina Mai Son a Taƙaita Gwamnati Zai Jefa Ƙuri'arsa?

A ƙasar Amurka akwai wani rukunin jama'a da ke shiga tsaka mai wuya duk ranar zaɓe. Su ne masu ra'ayin gwamnati ta janye hannunta, watau ta rage haraji, ta rage kashe kuɗi, ta daina cin bashi, ta ƙyale mutum da kasuwancinsa da sha'anin gidansa, ita kuwa ta tsaya ga tsaron ƙasa da shari'a. Ba mu zo yanke hukunci a kan ra'ayin nan ba, domin ko a tsakaninmu bakinmu bai zo ɗaya ba. Abin da ya dame mu shi ne halin mutum mai aƙida wanda aka ajiye wa akwati biyu tak, alhali kuwa ba wanda ke ɗauke da aƙidarsa.

Dokar zaɓe ce ta haifar da wannan hali. A jihohi 48 daga cikin 50, ɗan takarar Shugaban Ƙasa da ya zo na ɗaya, ko da ratar ƙuri'a guda ce, shi ke kwashe dukan wakilan jihar. Tun 1951 wani masani Bafaranshe, Maurice Duverger, ya bayyana cewa irin wannan tsari yakan tura jama'a cikin jam'iyyu biyu, don kowa na gudun ƙuri'arsa ta tafi a banza. A 1992 attajirin nan Ross Perot ya tsaya shi kaɗai yana kukan yawan bashin gwamnati, ya sami kusan kashi 19 cikin 100, amma bai tashi da wakili ko ɗaya ba. Mu ma nan gida mun ɗanɗana: a 1989 gwamnatin Janar Babangida ta kafa SDP da NRC, ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi da kuɗin hukuma. Wanda yake ganin hannun gwamnati ya yi tsawo sai ya zaɓi ɗaya daga cikin 'ya'yanta biyu, ko ya zauna gida.

To, a Amurka an saba cewa gidan waɗannan mutane shi ne jam'iyyar Ripablikan. Lalle in ana maganar baki ne, haka ne. Ranar da aka rantsar da Ronald Reagan a 1981 ya shaida wa duniya cewa gwamnati ba ita ce maganin matsalar ƙasar ba, ita ce ma matsalar. Ya kuwa rage haraji ƙwarai, har mafi girman harajin kuɗin shiga ya sauko daga kashi 70 zuwa 28. Amma kashe kuɗi bai sauko ba. Ya tarar da bashin Tarayya bai cika dala tiriliyan 1 ba, ya bar shi ya doshi tiriliyan 3. Ma'aikatar Ilmi da ya yi alkawarin rushewa, ya sauka ya bar ta a tsaye. Magoya bayansa sukan ce ai 'yan Dimokurat ne ke riƙe da Majalisar Wakilai a lokacin, kuma gaskiya ne. Sai dai wannan uzuri bai rufe George W. Bush ba, wanda ya kafa sabuwar Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida a 2002, ya faɗaɗa shirin sayen magani na tsofaffi a 2003 da hannun 'yan majalisar jam'iyyarsa, kana ya sa hannu a kan dala biliyan 700 na ceton bankuna a 2008. A wa'adin Donald Trump na farko bashin ya ƙaru da wajen tiriliyan 7.8, annobar korona ta ci babban kaso, amma gibin kasafi yana ta faɗi tun kafin ta ɓullo.

'Yan Dimokurat ba su cika yin da'awar taƙaita gwamnati ba, saboda haka ba ma tuhumarsu da saɓa alkawari. Abin mamaki kuwa, rarar kasafin kuɗi ta ƙarshe da Amurka ta gani, daga 1998 zuwa 2001, a zamanin Bill Clinton aka soma ta, sa'ad da Fadar Shugaba ke hannun Dimokurat, Majalisa kuma ke hannun Ripablikan. Bunƙasar arziki ta taimaka, ba shakka. Amma kowane ɓangare ya tsare wa ɗan'uwansa bakin baitulmali, ba don tsoron Allah ba, don kishi.

Saura hanya ta uku. An kafa jam'iyyar Libatariyan a jihar Kolorado a 1971 domin wannan aƙida zalla. Mafi nisan da ta taɓa kaiwa shi ne 2016, da Gary Johnson, tsohon Gwamnan New Mexico, ya sami ƙuri'u kusan miliyan 4.5, kashi 3 da ɗoriya. Ko dandalin muhawarar talabijin bai hau ba, don an sa sharaɗin kashi 15 a ƙididdigar jin ra'ayi. Masu zolaya na cewa ƙuri'ar nan zuba ruwa ne a rairayi. Mu ba mu yarda ba. A 2020 Joe Biden ya ci jihar Jojiya da ratar da ba ta kai 12,000 ba, alhali 'yar takarar Libatariyan, Jo Jorgensen, ta sami fiye da 60,000 a jihar. Ba wanda zai rantse duk Trump za su zaɓa da ba ta tsaya ba. Duk da haka lissafin ya shiga kunnen masu shi, gama a watan Mayu na 2024 Trump ya taka da ƙafarsa zuwa babban taron jam'iyyar a Washinton yana neman goyon baya, ana yi masa ihu. Ya yi alkawarin sakin Ross Ulbricht, ɗaurarren da suka daɗe suna fafutuka a kansa, ya kuma cika a Janairun 2025. A lura da abin da cinikin ya sayo: afuwar mutum guda, ba ragin ko dala ɗaya a kasafi ba.

Inda aka taɓa cin riba ta zahiri shi ne zaɓen fid da gwani. Ron Paul ya yi wa Libatariyan takara a 1988 bai kai ko kashi 1 ba; da ya nemi tutar Ripablikan a 2008 da 2012 sai matasa suka yi masa tururuwa. Guguwar Tea Party ta 2010 ta tumɓuke wasu jiga-jigan jam'iyyar tun a cikin gida, sababbin 'yan majalisar suka tilasta dokar ƙayyade kasafi ta 2011, kuɗin da Tarayya ke kashewa ya ragu a 2012 da 2013. Sa'an nan aka yi ta ɗaga iyakar da kaɗan kaɗan, har a 2018, lokacin da Ripablikan ke riƙe da Fada da majalisu biyu, suka ɗaga ta da hannunsu.

Bisa ga wannan, shawararmu ga mai wannan aƙida ita ce kada ya yi wa jam'iyya mubaya'ar har abada, don ɗan siyasa ba ya ɓata guzuri wajen lallashin wanda ya tabbata ba shi da wurin zuwa. Ya fito ranar fid da gwani, ranar da yawancin mutane ke barci, nan ƙuri'arsa ta fi nauyi. A babban zaɓe kuwa ya dubi jihar da yake. In a Kalifoniya yake ko Wyoming, inda aka san sakamako tun ba a buɗe akwati ba, bai yi asarar komai ba in ya ba ƙaramar jam'iyya, tun da kashi 5 cikin 100 a ƙasa baki ɗaya na ba ta damar tallafin kuɗin yaƙin zaɓe. (Ko masu ƙyamar kuɗin gwamnati za su miƙa hannu su karɓa, wannan wata gardama ce.) In kuwa jiharsa ta kai-ruwa-rana ce, ya raba ƙafa: Shugaba daga nan, ɗan majalisa daga can. Mun san wannan na jawo cijewar al'amura, har a rufe ofisoshin gwamnati ma'aikata su rasa albashi, kamar kwana 35 da aka yi daga Disamban 2018. Ƙananan ma'aikata masu karanta mu sun san zafin wannan, kuma wajibi ne mai ba da shawarar ya amsa cewa da saninsa ya zaɓi hakan.

Gyaran dindindin yana ga dokar zaɓen kanta. Jihar Maine tun 2018, da Alaska tun 2022, suna barin mai zaɓe ya jera 'yan takara bi da bi, in na farkonsa ya faɗi ƙuri'ar ta koma ga na biyu. A 2024 an nemi mutanen Alaska su soke tsarin, ya tsira da ratar da ba ta kai ƙuri'a 1,000 ba.