Daga buhun gawayin Nima zuwa gonar Maraɗi: itacen wa ake sarewa?

A Nima da Maamobi da Adabraka, wake da shinkafa da kokon safe galibi a kan gawayi ake dafa su. Gawayin nan daga nesa yake zuwa Accra, daga yankuna irin su Kintampo da filayen Afram, inda ake sare itatuwa a gonaki da dazuzzukan al'umma. Idan daji ya ja baya, hanyar ɗauko shi ta ƙara nisa, kuɗin buhu ya hau, mai sayar da abinci a Zongo ce za ta fara ji a jikinta.

Gwamnatin Ghana ta ɗauki dashe a matsayin magani. A 2021 ta fara ranar Green Ghana da burin dasa itatuwa miliyan 5, a 2025 kuma Shugaba John Mahama ya ƙaddamar da shirin Tree for Life. Sai dai dasawa daban, raino daban.

Inda gizo ke saƙar shi ne mallaka. A dokar 1962, itacen katako da ya tsiro da kansa yana hannun shugaban ƙasa a madadin jama'a, ko da a gonar mutum yake. Gyaran dokar 2002 ya bar wa mai dashe abin da ya dasa, kuma yana iya yi masa rajista a hukumar gandun daji. Manomin da bai san wannan bambanci ba, ko yake tsoron ɗan kwangila ya sare itacen ya ɓata masa amfanin gona, sai ya kashe tsiron tun yana ƙarami.

Nijar ta bi wata hanyar. Tun 1983 manoman Maraɗi, tare da Tony Rinaudo, suka fara sassaben zamani: a zaɓi rassa masu ƙarfi a kututture, a rage sauran, a kare su. An ƙiyasta dabarar ta farfaɗo da hekta miliyan 5. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina.

Dabarar ta iso gundumar Talensi a arewacin Ghana tun 2009. Abin da ya rage shi ne doka ta biyo ta, domin koya wa mai gona raino ba zai yi nisa ba muddin itacen ba nasa ba ne.